Nomau Mai Igiya a Cikin Lamusau

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya ɗaga sama, Ya sa wa kowane mai rai ciki, Ya kuma ɓoye masa abin da ke gudana a cikinsa. Ni ne Nomau ɗan Jatau, mai tufkar igiya a garin Rimin Kwari. Na ratsa daji bakwai da tafki uku, na shiga inda ba a shiga, na fito ta inda ba a faɗa a gaban surukai. Ku matso ku ji, amma kada wanda ya katse ni, don haƙurina kaɗan ne, rashinsa ne ma ya jawo duk abin da zan ba ku labari.

Ba neman dukiya ya fitar da ni daga gida ba. Matata Larai ce cikinta ya ƙi abinci. Ta sha kunu ya wuce, ta ci tuwo ya wuce, ko ruwa ta kurɓa sai ka ji cikin yana ƙugi, ta dafe shi tana wani nishi mai tsawo. Asalin abin wani ruɓaɓɓen kifi ne ta ci a gidan suna. To, mu a gidanmu wankin ciki gadonsa muka yi. Ubana ya rene mu a kan cewa duk ciwo dauɗa ce, dauɗa kuwa wanke ta ake yi. Saboda haka kullum safiya sai in dafa filasko da sassaƙen maɗaci da 'yar kanwa, in cika moɗa, in tsaya a kanta sai ta shanye. Da na ga ciwon ya ƙi tafiya sai na ƙara maɗaci. Wata huɗu muna haka, mace mai jiki ta koma ƙashi da fata, warwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu.

Ana nan sai wani tsohon falke mai fataucin gishiri ya zo sayen igiya. Ya ji nishin Larai ta bayan danga, ya ce a can bayan tafki na uku akwai wata dabba da ake kira Lamusau, girmanta ya yi gari guda da ganuwarsa. Shekara dubu tana cin mushe da itace da guba, ba a taɓa jin ta yi ciwon ciki ba. Ya ce duk wanda ya shiga cikinta ya ga abin da ke tsaron hanjinta, ya sami maganin ciki na duniya. Ban bari ya gama kurɓar furarsa ba na fara ɗaura kaya. Na kira Delu, ƙanwar Larai, na nuna mata tukunyar magani, na sa ta rantse ba za ta tsallake ko safiya ɗaya ba har in dawo.

Wahalar hanya ba zan tsaya lissafa ta ba, sai dai guda ɗaya da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Akwai wani gari, Sai-Gobe, inda in ka yi tambaya yau, amsa sai gobe. Na tambayi hanya, aka ba ni tabarma. Kashegari aka ce hanya biyu ce, na ce wacce zan bi, aka sake shimfiɗa mini tabarmar. Kwana uku na yi a garin nan a kan tambaya uku, ina cizon yatsa, su kuwa sai fara'a suke suna kawo mini zogale.

Na iske Lamusau a kwance a wani fili, tsuntsaye sun yi sheƙa a gashin girarta. A ƙasar akwai wani irin duma mai girman rumbu. Na fafe guda, na shige, na liƙe bakin da ƙaro, na bar kaina cikin ciyawar da take kiwo. Ba a jima ba na ji an ɗaga ni sama, haƙora suka wuce ta gefena kamar ana jifa da turame, na gangara wani dogon rami, na faɗa Tafkin Tsami. Ruwan tafkin nan ƙarfe ma narkar da shi yake. Ina ji duman yana sirancewa, duk inda ya huje in cusa guntun igiya, har igiyar da na zo da ita ta kusa ƙarewa. Can wata 'yar ƙofa ta buɗe, ruwa ya tura ni ciki, ta rufe. Duman ya dare gida biyu, na fito ina tari.

Abin da na gani ƙasa ce sosai, mai tsawo da lanƙwasa, kogi yana bin tsakiyarta ɗauke da duk abin da dabbar ta haɗiya. Haske ja-ja yana ratso bango kamar na fitowar rana, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sai dai mutanen wurin suna ƙirga kwana da saukowar abinci. Bangon kansa cike yake da 'yan yatsu masu laushi suna tsotsar abin da kogi ya kawo, an shafe su da wani yauƙi kamar miyar kuɓewa. A bakin kogin kuwa ga wasu halittu ƙanana, dubu a kan dubu, wasu dogaye wasu gajeru, kowa da tukunyarsa. Su ake kira 'yan zaune. Asalinsu baƙi ne, kakanninsu suka shigo da abinci suka zauna, sana'arsu dafa abin da Lamusau ba ta iya narkarwa da kanta. Ina cikin kallonsu sai wani dogon hannu ya fito ta wata taga a jikin bango, ya cafki wuyan rigata, ya ja ni ciki.

Na sami kaina a wani babban zaure, kuma abin da ake yi a ciki ya sa na manta da tsoro, don sana'ata ce. Ɗaruruwan masu tufka ne a zaune suna murza igiya a cinya. Duk baƙon da ya shigo ƙasar, masu dogon hannun nan sai su ɗauko awon wuyansa su kawo, masu tufka su shiga gasa, kowa yana son tasa igiyar ta fi dacewa. A tsakiyar zauren ga wani ƙaton makaɗi, sunansa Makau. Wanda igiyarsa ta dace sai Makau ya juya ganga wajensa ya kaɗa masa take, kamar yadda ake wa gwanin noma a gayya. Da idona na ga wanda aka yi wa kiɗa ya rabu biyu, biyun suka zama huɗu, duk suna tufka iri ɗaya. Wanda ba a kaɗa masa ba sai ya kwanta a inda yake, shi ke nan an gama da shi.

Igiyar iri biyu ce, kuma babu wadda take kisa. Mai laushi ta 'yan zaune ce, kamar jigida, tana tsayar da su a bakin kogi kada su matsa jikin bango. Mai tauri kuwa ta 'yan huda ce, miyagun da kan shigo da mushe su nemi huda bango su shige cikin jinin dabbar. Su akan ɗaure su dami-dami, kogi ya yi waje da su.

Duk wannan ya burge ni, sai abu ɗaya. Kusa da gangar Makau akwai wata 'yar tsohuwa, Tabawa, da aska a hannu. Ba igiyar da za ta fita zauren sai ta bi ta hannunta. Ta juya ta, ta shinshina, ta ja, sau da yawa ta sa aska ta yanke ta jefar. In kiɗa ya fara daɗi, masu tufka sun fara yawa, sai ta miƙa tafin hannunta ta ɗora a kan fatar ganga ta ce, "Ya isa." Nan take zaure ya yi tsit.

Ita ce ta duba ni. Ta shinshina hulata, ta ce wannan ba ɗan huda ba ne, mai gaggawa ne kawai, a ba shi mai laushi. Na durƙusa na gaya mata halin da na baro Larai, na roƙe ta maganin da ke tsare cikin Lamusau.

Ta ce, "Zauna ka yi kallo, ɗan nan."

Na ce, "Gwaggo, matata ce ke mutuwa."

Ta ce, "Na ji. Zauna ka yi kallo."

Na zauna. Kwana tara ina kallon tsohuwa tana ɓarnar igiya. Ran na shida Lamusau ta ci mushen giwa, 'yan huda suka sauko tuli, na ce yau dai za a saki aiki. Ina! Cikin igiya goma sai ta yanke bakwai. Wannan ta ce za ta kama har da masu dafa dusa, waccan ta ce za ta maƙale a jikin bango. Da ukun da suka rage aka ɗaure miyagun, gaskiya kam an ɗaure su tas, amma ni abin da na gani shi ne igiya bakwai masu kyau a ƙasa. Ni da na san wahalar tufka, takaici ya ishe ni kamar in fashe. Na ƙudura a raina cewa sirrin ƙasar nan igiya ce, tsohuwar nan kuwa ita ke danne shi, kuma in aka saki Makau zan ga igiyar da ta fi kowace ƙarfi in koya in kai gida.

Na sami Makau yana ɗaure tsarkiyar gangarsa, na fara zuga shi. Na ce gwani irinsa, a ce tsohuwa ce ke rufe masa baki. Ashe na taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce tun da aka halicce shi bai taɓa kaɗa take ɗaya har ƙarshe ba, shi kansa bai san yadda ƙarshen kiɗansa yake ba. Muka shirya. Na je na gaya wa Tabawa cewa na ji labari a Makahon Lungu, wani ɗan lungu marar mafita can ƙasa da kogi, an ɗaure 'yan zaune da igiya mai tauri bisa kuskure. Ta ɗauki sandarta ta ce, "To." Ta fita tana ɗingishi.

Makau ya saki hannu. Wallahi kiɗa ya yi daɗi, ni ma har na taka. Masu tufka ɗari suka zama dubu, dubu suka cika zaure har suna hawa kan juna. Gwani da wanda bai iya ba duk aka yi musu take. Igiya ta riƙa fita ta taga kamar ana zazzage buhu, ni kuwa ina tsakiya ina murna, ina ɗaukar wannan ina ajiye waccan.

Kwana ɗaya aka gama da 'yan huda, amma ganga ba ta tsaya ba, igiya kuwa sai ta sami wuya. Ta koma kan 'yan zaune. Na leƙa ta taga na ga ana ɗaure su dami-dami da tukwanensu, kogi yana tafiya da su suna ihu. Da suka ƙare ta kama abincin kansa, ciyawa da ganye da 'ya'yan itace, duk ta ɗaure. Ran na uku ta fara shaƙe 'yan yatsun bango. Bango ya kumbura ya yi jawur, yauƙin nan ya wanke, ruwa ya riƙa tsattsafowa daga jikinsa har kogi ya cika ya tumbatsa. Duk abin da ya sauko sai ya wuce ɗanye, ba wanda ya taɓa shi. Na ce wa Makau ya dakata haka nan. Ya ce hannunsa ya ƙi tsayawa, shi bai san yadda ake tsayawa ba, kullum tsayar da shi ake yi.

Sai ƙasa ta girgiza, wani ƙugi ya taso daga ƙarƙashinmu, bayansa kuma wani dogon nishi ya ratsa ƙasar tun daga sama har ƙasa. Na san nishin nan. Wata huɗu ina jinsa a ɗakina.

Ban gama wannan tunani ba sai na ji abu ya zarge mini wuya. Awon wuyana yana nan a zauren tun ranar da na zo, wani ya tufka mini mai tauri. Ta fizge ni ta taga ta jefa kogi, ta nannaɗe ni tun daga kafaɗa har idon sawu. Abin da ya cece ni sana'a ce. Na lura tun farko duk tufkar ƙasar nan dama ake murza ta, kuma ta kwanakin nan ta gaggawa ce, ba a ƙulle bakinta ba. Na kama bakin da haƙori, na riƙa juya jikina hagu a cikin ruwa kamar mazari, har ta warware zare-zare. Na ɗare kan wani damin ciyawa, ruwa ya yi ƙasa da ni, ina duban bango har na hango bakin Makahon Lungu, na yi tsalle na faɗa ciki.

Tabawa tana zaune a bakin lungun, tana miƙa ƙugiyar sandarta tana fizgo duk damin 'yan zaune da ya zo wucewa, tana yanke igiyarsu. A bayanta ga waɗanda ta tsamo, ba su fi cikin kwando ba, sun takure suna rawar ɗari. Na faɗi gabanta na ce ƙarya na yi mata. Ta ce ta sani tun da ta iso, amma aikinta ne duk inda aka ce an ɗaure marar laifi sai ta je, kuma kafin ta juya ruwa ya fi ƙarfin ƙafarta. Ko faɗa ba ta yi mini ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce in durƙusa ta hau.

Haka na goya ta, na bi jikin bango ina gaba da ruwa, ina ɗaura ragowar igiyata daga wannan yatsa zuwa wancan ina jan jiki. Tsohuwar da ba ta kai nauyin tunkiya ba, amma bakinta ya fi dutsen niƙa nauyi. Ƙullina ta ce ya yi tsauri zai ji wa bango ciwo, takuna ta ce ya yi sauri, numfashina ma ta ce yana damunta. Na haɗiye duk, har muka isa.

Zauren ya cika da igiya har wuya. Makau yana tsakiya, hannuwansa duk jini, yana kiɗa yana kuka. Tabawa ta sauka daga bayana, ta ratsa, ta ɗora tafin hannunta a kan ganga ta ce, "Ya isa." Makau ya zube ƙasa yana mata godiya. Daga nan aka shiga yanka, ni da ita, askarta da wuƙata, kwana biyar. Kumburi ya fara sacewa, ruwa ya ja baya, aka fito da 'yan zaune daga lungu biyu-biyu aka zaunar da su bakin kogi, kowa da jigidarsa mai laushi. Ran da na ji ƙanshin tukunya ta farko, sai da na yi ƙwalla.

A ranar ne ta tambaye ni abin da Larai ta ci, da abin da na ba ta. Na faɗa mata kifin, na lissafa filasko da maɗaci da kanwa, ina ɗan alfahari da ƙoƙarina.

Ta ce, "Kifin nan kwana uku ya yi ya fita. Sauran wata huɗun kai ne. Kullum safiya kana wanke 'yan zaunenta, masu tufkarta suna ganin bango a tsiraice suna ƙara igiya. Ita ma akwai irina a cikinta, ɗan nan, amma wa zai ji muryar tsohuwa cikin wannan ambaliya?" Ta goge askarta a zane, sannan ta ce, "Yanzu da ba ka nan, ai ta huta."

Nan take na miƙe tsaye. Na tuna Delu, da tukunya, da rantsuwar da na sa ta yi.

Tabawa ta ga fuskata ta gane. Ta ɗauko wani ɗan gora, ta ɗebi 'yan zaune daga waɗanda suka fara hayayyafa ta zuba, a ido kamar kindirmo. Ta ce cokali uku a kunu mai ɗumi kowace safiya, ba huɗu ba, kuma kada in haɗa da komai. Na tambayi hanyar fita, ta nuna mini ƙasa da kogi ta ce ƙofa ɗaya ce. Na bi ta, kuma iyakar abin da zan ce ke nan a kan wannan ƙofa.

Gudun da na yi a dawowa ban taɓa yin irinsa ba. Na ratsa Sai-Gobe bakina a rufe, suna miƙo tabarma ina tsallakewa. Takalmina ya tsinke a daji na huɗu, na ƙarasa da ƙafa. Duk safiyar da ta waye mini a hanya sai in ga moɗar nan a idona, a cike, ana kai ta bakin Larai.

Na shiga gida da hantsi. Delu tana durƙushe a bakin gado, ta tallafo kan yayarta da hannu ɗaya, moɗa a ɗayan. Larai ta zama kamar tsumma a kan tabarma, warwaron ma an cire don ba inda zai tsaya. Na ƙarasa na ɗora tafin hannuna a bakin moɗar. Delu ta ɗago ta ce, "Yaya, ko safiya ɗaya ban tsallake ba, kullum tana roƙona in bari." Na ce na sani, ba laifinta ba ne. Na karɓi moɗar na kai bayan gida na zubar, na dawo na ɗauki tukunyar ita ma na kife.

Aka dama kunu, na zuba cokali uku daga goran, na ba ta a hankali. Muka zauna muna jira, ni da Delu, kunnuwanmu a kan cikinta. Rana ta take, babu ƙugi. Aka yi azahar, babu nishi. Da la'asar Larai ta buɗe ido ta ce ko da sauran kunu. Murna ta kama ni, na jawo goran na ce in uku sun yi wannan aiki, to bari in ƙara ko ɗaya ne, ta fi saurin tashi. Na cika cokali ke nan sai na ji wani abu marar nauyi ya sauka a bayan hannuna. Tafin hannun Larai ne.

Ta ce, "Ya isa, maigida."

Na mayar da cokalin cikin gora, na toshe bakinsa, na zauna a kan hannuwana har gari ya sake wayewa. Iyakar abin da na gani ke nan, wanda ya ji ya riƙe, ita kuwa ga ta can tsakar gida tana daka, warwaronta yana kaɗawa.